Kan Kifi

Ranar da asibiti ya biya ni albashin farko
na ce wa Baba ya sa farar rigarsa ta coci,
yau sai Kosta do Sol,
inda ake shimfiɗa wa tebur zane kamar gado.

Shekara arba'in da ɗaya yana shiga gidan nan
da kwando a ka, ta ƙofar baya, ta wajen bola.
Yau ya ɗosana a bakin kujera
kamar wanda aka kira gaban alƙali.

Teku na nan, taku ashirin,
ta tattare zanenta ta ja baya,
ta bar kwale-kwale uku kwance a laka kan haƙarƙari.
Maputo na bayanmu tana kunna fitilu ɗaya-ɗaya.

Arlindo mai hidima ya kawo takardar farashi.
Baba ya bi lambobin da farcen da gishiri ya cinye,
ya ce ƙasa-ƙasa,
"Jatan lande shida, kuɗin man inji na kwana biyu."
Na fizge takardar na zauna a kanta.

Aka kawo kifin ɗanye, a gani kafin a gasa.
Nan fa ya gyara zama.
Ya buɗe kuncinsa ya leƙa jan ciki,
ya duba ido, garau,
ya latsa gadon baya, tsoka ta dawo.
"Na asubar yau ne. Wannan tsagar a leɓe
aikin Jossias ne, da hagu yake zare ƙugiya."
Arlindo ya yi dariya, sai kuma ya haɗiye ta,
don kuwa Jossias ɗin ne.

Hayaƙin Dona Felismina ya riga abinci isowa,
tafarnuwa da barkono,
lemun tsami na tsuwa a kan garwashi.
Ƙaguwa ta zo jawur, tana riƙe da fushinta.
Jatan lande sun ƙudundune kamar masu jin sanyi
a gefen shinkafar da ta sha ruwan kwakwa.
Sai kifin, tsawon damtsena, fata ta daddare.

Mu bakwai muka tashi a ɗaki ɗaya.
Duk daren da Mama ta raba kifi
sai ya ce, "Ni a ba ni kai.
Daɗin kifi a kai yake, ku yara ba ku sani ba."
Muka girma muna ganin ya fi kowa morewa.

Don haka na yanke kan na tura masa,
ina jin kaina 'yar halak.
Ya dube shi. Kifin ma ya dube shi.
Iska ta ɗaga gefen zanen tebur ta mayar.
Sai ya sa yatsa ɗaya ya turo mini abina,
ya jawo faranti, ya ɓantari farar tsoka
daga tsakiyar baya, inda babu ƙaya,
ya tauna a hankali, idonsa a kan ruwa.

"Har na manta haka yake," in ji shi.

Ban tanka ba.
Barkonon Felismina na da zafi,
duk wanda ya ga idona zai ce shi ne.
Na tsotsi kan nan:
ƙashi, ɗan kitse a bayan ido,
da wani ɗaci-ɗaci
da ya yi shekaru yana kira mana daɗi.

Ruwa ya fara dawowa.
Kwale-kwalen suka miƙe, ɗaya bayan ɗaya.
Baba ya suɗe yatsunsa har gindi,
ya ƙunshe jatan lande biyu a takarda, na Mama,
ya ce Arlindo ya gaya wa Jossias ƙugiyarsa ta dakushe.

Muka fita ta ƙofar gaba.
A bakin titi ya tsaya, ya waiwaya,
ya ce gishirin ya ɗan yi yawa.